Yadda na hau Bagazam da sabon takalmi

Mu dai mutanen Maraɗi ba mu san dutse ba, ko an ƙi ko an so gaskiya ce. Hawa guda garinmu ya taɓa yi, na 1945, lokacin da ruwan Gulbi ya ci tsohon gari anka kwashe mutane daga fadama anka maido su bisa tudu, to tun daga nan ba mu ƙara hawan komai ba sai bene da babur. Garin duka tsayinshi bisa teku bai kai mita 400 ba. Kuma ni ɗin nan da in zan tahi babbar kasuwa daga unguwar Zariya sai na tsaida ɗan kabu-kabu, ni ne wai na ɗaura niyyar hawan Bagazam, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar.

Tun ina yaro kalmar bagazam a kunnena sunan doki ce. Kakana, Allah ya jiƙanshi, in ana hirar dawaki sai ya ce duk ku bari, babu doki sai bagazam na ƙasar Abzin, wanda sai sarakuna ke hawa. Sai da na girma na gane ashe sunan wuri ne. Abokina kuma, wani Bagobiri ɗan Tibiri da munka yi lakwal tare, shi ne ya ja ni cikin wannan wahala. Ya daɗe a Agadas shina harkar albasa, yana shiga Tabelot yana sayowa yana turowa kudu, duk sanda ya zo gida sai ya cika mu da labarin Abzin, wai ai gidan kakanninshi ne tunda Gobirawa can sunka zauna kafin su gangaro. Rannan a majalisa na ce mishi kai da ba ka taɓa hawa dutsen ba kullum a gindi kake tsayawa kana auna buhu, ya ce to ka zo mu hau tare in kai namiji ne. Gaban mutane ya faɗa. Shi ke nan magana ta fita.

Da na gaya ma Hajiya sai ta dube ni ta ce, "Me ka ajiye a bisa dutsen da za ka je ɗaukowa?" Na ce kallo ne kawai Hajiya, ance in ka hau kana hango har hamadar Tenere. Ta ce to Allah ya kyauta, yashi ne ba ka taɓa gani ba. Ta dai sa albarka, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da garin yaji a leda.

Shirin da na yi kuwa abin dariya ne yanzu in na tuna. Watan Disamba ne, na shiga wajen ƴan gwanjo na sayi rigar sanyi mai kauri, wannan ta yi amfani. Sannan na sayi takalmi baskit sabo fil a kwali, fari, wanda ya ɗan matse ni a yatsa amma mai shago ya ce ai zai buɗe. Ban sa shi ko sau guda ba kafin tahiya, wai kar ya yi dauɗa kafin a ɗauki hoto.

Hanya ba zan daɗe a kanta ba. Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 235 ne, ta Cadawa, Agie, Gazawa, Tasawa, Takeita, wannan kowa ya sani. Daga Damagaram ka miƙa arewa ta Tanut da Adarbisinat, wajen kilomita 450 kafin Agadas, wani wuri gudron mai kyau wani wuri kuma gara ma a ce babu shi, ga bariye ana sauka ana nuna kat dantite ana hawa. Abin da na lura kawai shi ne yadda gonaki ke ƙarewa a hankali bayan Tanut, karan gero ya ɓace, sai ƙaya da raƙuma da fili iya ganinka.

A Agadas na kwana biyu gidan abokin nawa. Ya kai ni babban masallacin nan mai hasumiyar ƙasa, wanda anka gina tun 1515 anka sake ɗaga shi a 1844, tsohon garin kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013. Munka nemi izini munka hau hasumiyar ta ciki, wata ƴar matattakala ce matsattsa kana sunkuye kana shaƙar warin jemage, tsawon duka mita 27 ne. Wallahi da na fito sama haki nake kamar wanda ya yi kokawa. Ya dube ni ya ce, "Mita 27 ke nan fa ɗan Katsinawa, can kuma 2022 ne." Na ce rufe mini baki ai kai ma numfashinka nake ji.

Kashegari bayan asuba munka shiga kat-kat. Ba motar ƴan yawon buɗe ido ba ce, Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya ta wani da ke jigilar kaya zuwa Tabelot, an loda mata buhunan taki, ɗaurin buhunan albasa wayam, bido-bidon esans, injin ban ruwa guda biyu, sannan mutane bisa kaya kowa ya naɗe fuska da rawani sai ido. Abokina ya biya mana gaba kusa da direba, mu biyu a kujerar mutum guda, giya tana dukan gwiwata duk hanya. Tsakanin Agadas da Tabelot kilomita ɗari da ƴan kai ne, a lissafina na mutumin gudron na ce awa biyu mun isa. Direba ya yi murmushi ta cikin rawani bai ce komai ba.

Hanyar kala biyu ce kuma kowace da irin muguntarta. Akwai ta tsakuwa da baƙin dutse, wadda mota ke karkarwa har haƙoranka na haɗuwa, sannan akwai kori, wato busasshen rafi mai yashi, wanda sai ka ratsa shi ko ma ka bi cikinshi na wani lokaci. Bakin korin ne ke da kyau, goriba da aduwa da manyan itatuwan ƙaya, wani wuri lambu kore shar kamar an zana. Amma cikin korin nan ne munka kafe. Wajen ƙarfe 10 direba ya shiga wani mai faɗi, ya sa krabo, wato giyar ƙarfi ta tayoyi huɗu, tun daga baki yana tahiya da ƙarfi, sai ga garken awaki wata yarinya ta koro su tsakiyar hanya, dole ya ɗaga ƙafa, yana ɗagawa kuwa mota ta zauna. Ni da na saba ganin ƴan garinmu in mota ta kafe a yashin unguwa sai a yi ta taka totur, na zata haka zai yi. Ina, kashe ta ya yi nan take. Ya ce in ka ƙara mata wuta kabarinta take tonawa. Kowa ya sauka, karen mota ya bi tayoyi huɗu da ɗan tsinke yana sace iska har sunka yi taushi sunka baje, anka tone yashin gaban kowace taya da hannu da shebur guda, anka ciro wasu dogayen faranta na ƙarfe masu huji-huji da suke ce ma tol anka cusa ƙarƙashin tayoyin baya. Sannan direba ya tada ta a hankali, mu kuma muna turi muna salati, ta hau tol ta yi mita biyar ta sake zama, a ciro tol a ruga a sake sawa gaba, haka har sau huɗu kafin ta kama ƙasa mai tauri. Da munka fita kuma sai an maida iskar da anka sace, don in ka hau dutse da taya mai taushi yanka ta zai yi, ga famfon hannu ana karɓa-karɓa. Duk da haka bayan azahar wani dutse mai kaifi ya farke ta baya ta gefe, anka sa safaya, daga nan kuma ba wanda ya ƙara yin hira a motar don kowa ya san ba wata safayar.

Bagazam kuwa tun da rana ya fara fitowa ta hannun hagu. Ni a kaina na zana wani tsini ne kamar hular sarki. Abin da na gani bango ne. Dogon bango baƙi-baƙi mai shuɗi, samanshi kusan a miƙe, kana tahiya awa guda yana nan gefenka bai ƙare ba. Cikina ya ɗan juya. Na tambayi direba ta ina ake hawa wannan, ya nuna wata tsaga da leɓe.

La'asar sakaliya munka shiga Tabelot. Garin warin albasa yake, ko'ina buhu jibge, manyan kamiyo na jiran lodi, injinan ban ruwa na ta ƙara cikin lambuna. Abokina nan gida ne a wurinshi, sai gaisawa yake da Buzanci, oyiwan, matolam, su kuma suna alher ghas. Da dare ya kawo mutumin da zai kai mu, wani dattijo siriri mai farin gemu, Hausarshi tas har da karin Damagaram. Na ce Baba ina ka koyi Hausa haka, ya ce a ayari, tun yana saurayi suke zuwa Bilma ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangara Damagaram da Tasawa har Kano su saida su sayo gero, watanni suke yi a ƙasar Hausa kowace shekara. Mutanen wajen nan Buzaye ne Kel Ewe, yawancin mazansu da Hausa a bakinsu saboda wannan fatauci. Daga baya ya yi shekaru yana hawa da Turawa, har tawayen 2007 ya zo, sannan sace mutanen da anka yi a Arlit a 2010, Turawa sunka ɗauke ƙafa, shi kuma ya koma lambunshi.

Muna shan shayi ya haska ƙafata da tocila. Na riga na sa baskit ɗin don in burge. Ya ce, "Ɗana, takalmin ga naka ne ko aro ne?" Na ce nawa ne Baba, sabo ne ma. Ya ce to shi ne matsalar. Na duba nashi, wani fade ne na taya da igiyar fata, duk ya sha faci. A raina na ce tsoho dai da son tsohon abu.

Asuba ta gari kat-kat ta ƙarasa da mu gindin dutse inda hanyar mota ta ƙare mana, jakai biyu na jira da wani yaro jikan Baba. Anka ɗora ruwa da barguna da ɗan abinci, Baba ya ce bismillah, ya faɗa mana abu uku kafin mu taka. Kar ku wuce ni. Ku sha ruwa kaɗan-kaɗan tun ba ku ji ƙishi ba. In kun ji ƙarar jakai na saukowa ku manne jikin dutse, kar wanda ya tsaya ta gefen rami, don jaki da kaya bai san girman kowa ba.

Na farkon na fara karyawa. Tahiyar Baba ta ba ni haushi, taku ɗaya-ɗaya kamar mai bin gawa, hannu a baya, ni kuma ga sanyin safiya ga ƙarfin shayi, sai na wuce shi ina tsallake duwatsu har ina juyowa ina ce ma Bagobiri ya taho mana. Minti ashirin ban ƙara ba. Ƙirjina ya ɗauki wuta, zuciya na bugawa har cikin kunne, na zauna bisa wani dutse ina ganin duhu-duhu. Sai ga Baba ya iso da takun nan nashi, bai ko tsaya ba, ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa ɗana," ya wuce. Daga nan na bi bayanshi ina sa ƙafa inda ya ɗauke tashi, kuma abin mamaki in ka bi takun nan numfashinka na daidaita da kanshi.

Hanyar cikin tsagar nan take bi, dutse dama dutse hagu, ƙasanta kuma manyan duwatsu ne mulmulallu wasu sun kai girman ɗaki, tana lanƙwasa tana komowa kamar maciji. Wani wuri mutane sun jera duwatsu da hannu sun yi kamar matattakala, wani wuri dutsen ya yi santsi yana sheƙi saboda kofaton jakai na shekara da shekaru. Abin da ya fi cin rai shi ne ƙaryar da dutse ke yi maka. Ka ɗaga kai ka ga ƙarshe, ka ce alhamdulillahi ga sama nan, ka lallaɓa ka isa sai ka iske wani hawan a bayanshi wanda ba a gani daga ƙasa. Sau uku ana yi mini haka, na huɗu na daina ɗaga kai.

Wajen hantsi munka ji ana "hai, hai" daga sama da ƙarar kofato. Munka manne. Jakai ne sun fi goma, kowane da buhu biyu, dankalin turawa da tafarnuwa, warin tafarnuwar ya cika tsagar. Buhun wani ya goge ni a ciki ya wuce, da ta ɗaya gefen nake tsaye da yanzu wani ke ba da labarina. Masu korar su kuwa, wani magidanci da yara biyu da ba su wuce shekara goma sha biyu ba, da wata mata da goyo a baya da silifas a ƙafa, tana sauka tana hira kamar tana ratsa tsakar gida. Ta dube ni ina jingine baki buɗe, ta faɗi wata magana da Buzanci duk sunka kwashe da dariya. Na ce Baba me ta ce, ya ce cewa ta yi takalminka na da kyau.

Takalmin kuwa a lokacin ya fara aikinshi. Dunduniya ta saɓule duka biyu, babban yatsa na dama kamar an sa shi a matsi. Da munka iso wani wuri mai idon ruwa, ruwa na tsattsafowa daga dutse ya taru a ɗan kwari ga itatuwa ga inuwa, na cire na ga safa ta manne da jini. Baba ya wanke mini da ruwan nan mai sanyin ƙanƙara, ya yagi bakin tsohon rawani ya naɗe, bai ce ai na gaya maka ba, shi ya fi ciwo ma. Bagobiri shi ba ƙafa ba, gwiwa da tumbi ne sunka hana shi sakat, yana kwance rigingine bisa dutse yana nishi. Na ce to ɗan gida, ga ka a gidan kakanni. Ya ce, "Yanzu na gane abin da ya sa sunka gudu kudu." Jikan Baba ya hura gawayi ya dafa shayi, munka ci ƙuli-ƙulin Hajiya da cuku, sama da kanmu wasu remaye na leƙenmu daga kogo.

Hawan da su ke yi cikin awa uku mu sai da munka yi kusan shida. Kuma da munka fito sama abin da na iske ya kashe mini baki. Ni fa jira nake in tsaya bisa tsini iska na kaɗa ni. Sai ga ƙasa shimfiɗe, fili da duwatsu da ƙananan tuddai, hanya, raƙuma na kiwo, can ga gari da masallaci da lakwal, ga lambuna an kewaye da ƙaya. Wata ƙasa ce sukutum anka ɗaga anka ajiye sama da mita 1500, tsawonta wajen kilomita 40 faɗi wajen 20, da ƙauyuka a warwatse cikinta. Mutane an haife su nan sun tsufa nan. A lambun mai masaukinmu na ga alkama, tumatir, tafarnuwa, dankali, itacen ɓaure da rumman, ga raƙumi yana jan guga daga rijiya yana zuwa yana dawowa wani yaro na jan akalarshi, ruwa na zuba cikin ƴar magudana yana bin fangali-fangali. Duk gishiri da sukari da kwanon rufi da ka gani a gidan da munka sauka, mai gidan ya ce ta hanyar nan da ta kusa kashe ni ya hawo da su.

Sanyin dare kuma ba irin namu na hunturu ba ne da za ka ja mayafi ka yi barci. Rana na faɗuwa kamar an buɗe firiza. Bargo biyu da rigar gwanjo da rawanin aro, duk da haka haƙora na kaɗawa, da asuba ruwan da anka bari a kwano waje ya yi ɓawon ƙanƙara a sama, na taɓa da yatsa ya fashe. Alwala ranar sai da uwar gida ta ɗuma mana ruwa, Allah ya saka mata.

To ga inda zan faɗi gaskiya, don na san akwai ƴan majalisarmu da na bari sunka ɗauka har ƙololuwa na kai. Ban kai ba. Ƙololuwar sunanta Idukal-n-Tagas, ita ce mai mita 2022, da can littattafai dutsen Gerebun suke cewa ya fi tsawo sai daga baya anka tabbatar shi mita 1944 ne. Daga ƙauyen da muke sai an ƙara wuni guda ana tahiya cikin duwatsu. Baba ya kwance tsumman ƙafata ya duba ya ce, "Zuwa za ka je, dawowa ce sai bisa jaki, kuma jakina ba ya ɗaukar mutum a gangare." Ya ce amma in kallo kake so akwai wuri bakin dutsen ta gabas, awa guda ne, ya fi ƙololuwar ma kallo.

Munka je da yamma. Hazo. Fari fat, kamar ka leƙa cikin ƙwaryar kunu, ko gindin dutsen ba a gani. Na zauna na yi shiru, kwana huɗu a hanya da ƙafa a saɓule don in kalli hazon da ke akwai a ƙofar gidanmu kyauta. Baba ya ce iska za ta kwanta cikin dare, mu dawo da asuba. Ban yarda ba amma ba ni da zaɓi.

Ƙarfe 4 da rabi ya tashe mu, munka bi shi da tocila ina ɗingishi, munka yi sallah a can bisa wani falalen dutse da taimama don ruwan buta ba ya taɓuwa. Sannan gari ya fara wayewa. Farko wani jan layi ne can gabas, sai duwatsu sunka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, baƙi, sannan shuɗi, sannan ja kamar garwashi, jeri bayan jeri har ido ya gaji. Ƙarƙashin ƙafarmu rami ne wanda in ka leƙa sai ka ji kamar ana jan ka, na ja da baya na zauna da gindi. Can ƙasa korin da munka biyo ya zama kamar farin zare, gefenshi koren lambuna siriri, kamiyon albasa da na gani kamar gida shekaranjiya yanzu bai kai ƙwayar wake ba sai ƙurar da yake tayarwa. Can ƙarshen duwatsun kuma inda sama ta haɗu da ƙasa wani haske ne fari-fari mai ruwan ƙasa, shimfiɗe ba tudu ba kwari, Baba ya nuna da sanda ya ce ta can ake shiga Tenere, ta can muke bi zuwa Bilma. Ya daɗe yana kallon wajen. Shaho biyu na shawagi, kuma a ƙasa da mu suke, bayansu nake gani. Wannan ne abin da har yau in na rufe ido nake gani, bayan shaho.

Na ciro waya na ɗauki hoto ya fi talatin, duk ba wanda ya yi kama da abin, sai wasu duwatsu ƙanana da ɗan yatsana a gefe. Ina cikin haka wayar ta yi ƙara a hannuna har na kusa sakinta cikin ramin, saƙonni na ta shigowa. Ashe wurin rezo ke kamawa. Ban gama mamaki ba sai ga mutane na isowa ɗaya-ɗaya daga ƙauye, kowa da ƴar wayarshi, wani ya hau wancan dutse wani ya juya baya yana ɗaga hannu sama, kowa ya san inda tashi ke kamawa. Wani na tambayar nawa buhun tafarnuwa ya kwana a Agadas, wani na faɗa da mai kamiyo, wata tsohuwa an kira mata ɗanta da ke wajen haƙar zinariya tana ta ihu cikin wayar. Wurin da na taso tun daga Maraɗi don in gani, su rumfar waya ce. Bagobiri ma nan take ya manta da gwiwa ya shiga cinikin albasa.

Sai ga kiran Hajiya. "Kai, kana raye? Kwana biyu wayarka ba ta shiga." Na ce lafiya lau Hajiya, ga ni bisa dutsen ina kallon Tenere. Ta ce to ka gani? Na ce na gani. Ta ce to sauko.

Saukowar ita ce ba wanda ya gaya mini. Hawa ƙirji yake ci, sauka kuma gwiwa da yatsu, kowane taku ƙafarka na zamewa gaba cikin takalmi tana dukan baki. Ba mu yi rabin awa ba na ce Baba ba zan iya ba. Ya ce zauna, ciro. Ya zaro wuƙa daga ɗamara, ya ɗora baskit ɗina bisa dutse, fari sabo na jaka goma sha biyu, ya yanke bakin duka biyu ƙwar ƙwar kamar mai gyaran kifi, ya miƙo mini. Yatsuna sunka leƙo waje suna shan iska. Wallahi kamar an cire mini ƙaya, da shi na sauko har gindi, jakai na wuce mu yara na nuna ƙafata suna dariya, matar nan mai goyo ma munka sake gamuwa tana hawowa da buhun gero bisa jaki, ta kalli takalmin ta kalli Baba, wannan karon ban nemi fassara ba.

Maganar doki kuwa na tambaya a sama, dattijan wajen sun san labarin sarai, kowa na cewa a da. Kwana uku da na yi ban ga doki ko guda ba, jakai ne ke riƙe da dutsen.

Na sayo tafarnuwa tiya biyu a lambun mai masaukinmu, ya faɗi kuɗi na buɗe baki zan taya kamar yadda na saba sai na tuna hanyar, na biya kawai. Farcen babban yatsa ya yi baƙi tun a Agadas, sati uku da dawowata ya fita. Da na juye tsarabar gaban Hajiya ta ɗauki ƙulli guda ta shinshina ta ce tana da ƙarfi kam, nawa ka saya? Na faɗa. Ta ce a babbar kasuwa ma ai kusan haka take, kuma ba sai an yanka ma mutum takalmi ba. Sannan ta kira ƙanwata ta ce ta kai ma maƙwabta kaɗan-kaɗan, a ce musu ta Bagazam ce.